Jinyar Da Ban Je Ba

Waɗanda ke tsakar gidan nan a ranar, bari in lissafa muku su, don kada gobe wanda ba ya nan ya ce da kunnensa ya ji. Akwai Baba Idi, wan mahaifinku, kwance ƙarƙashin rumfa a kan katifar da aka ɗauko shi da ita daga Mai Yara. Akwai matarsa Hajo zaune wajen ƙafafunsa tana kore masa ƙuda, ita da idonta ya riga ya yi hazo. Akwai ɗansa Hamisu mai fataucin raguna, da ɗiyarsa Mariyama da ke aure a Korahane. Akwai ɗana Isuhu, da matarsa Ramatu, wadda ke riƙe da alƙalami yanzu tana rubuta abin da nake faɗa, tunda ni ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Na ce mata ko inda na zage ta kada ta gyara. Sai ni, Abu, uwarku. Wani Bafillace da ya sauka da awakinsa yana zaure yana dafa shayi, amma da ya ji murya ta fara tashi sai ya kwashi butarsa ya fita, don haka shi ba shaida ba ne.

A gaban waɗannan mutane na ce ba za ni jinyar Baba Idi a Maradi ba. Kun san ya tafi, kun san can aka rufe shi. Kun kuma san abin da aka riƙa faɗa a wajen zaman makoki, wai uwarku ta ci hatsin mutum shekara da shekaru, ranar da ya kwanta ta juya masa baya. Wasunku sun ji kunya a madadina, wata har kuka ta yi mini a waya daga garin Tawa. Ban ba kowa amsa ba a lokacin. Yanzu zan bayar, kuma ba gafararku nake nema ba.

Gidan nan tun mahaifinku na da rai masauki ne. Shi dillali ne a kasuwar dabbobi, zaurensa bai taɓa rabuwa da masu raƙuma da masu shanu ba. Amma baƙin da suka fi yawa ba masu dabba ba ne, masu ciwo ne. Duk ɗan uwan da ke ƙauye, daga Mai Yara har Bader Goula, in jiki ya ƙi, nan ake fara sauke shi, don mu ne kusa da asibiti. Kuma a danginmu an saba da abu ɗaya: wanda ya kawo majinyaci kawowa ce tasa, ya yi addu'a, ya koma gonarsa ko garkensa. Mai zama ni ce. Ba wanda ya naɗa ni. Na fara da kakarku, aka ga na iya, shi ke nan. In an ce an kwantar da wane, magana ta biyu ita ce, an gaya wa Abu? Na san kowace inuwa a farfajiyar asibitin Dakoro, na san iccen bedin da ake shimfiɗa ƙarƙashinsa da hantsi da wanda ake komawa da la'asar. Na san lokacin da ake tarar majo, babban malamin jinya, da lokacin da ake ba shi hanya. Na san yadda ake ɗaga babban mutum daga gado ba tare da ya ji ya zama kaya ba. In namiji ne, abin da bai kamata idona ya gani ba sai in roƙi mai jinyar gadon kusa, ni kuma in dama wa nasa kunu. Har Maradi na sha zuwa, in kwana a kan siminti, in tashi in wanke zannuwan da ƴaƴan cikin mutum ba sa iya kallo.

Kada ku ɗauka kuka nake da wannan. Ina son aikin. Ina son a shigo gida ana tambayar ina Abu. Kuma ina raina matan da ke cewa sun gaji, ban ɓoye ba. A gidan da na tashi, mace ba ta faɗin ciwonta, sai dai a gan ta a ƙasa.

Bayana ya fara ne kamar an ɗaura mini igiya a ƙugu ana ja. Na sha jiƙo, na sa wanzami ya yi mini ƙaho, na ɗaure da ɗankwali na ci gaba da harkata. Sai ciwon ya gangara ƙafar hagu. Wata rana da tsakar rana ina dawowa daga asibiti da kwanuka a kai, sai na ji wata mata na ƙwala mini kira daga baya. Na waiga, tana nuna mini takalmina can nesa cikin rairayi. Ashe ya fita tun tuni, ina ta taka yashi mai zafi, ƙafar ba ta gaya mini ba. Wannan ya ba ni tsoro, amma akwai abin da ya fi shi. In na sunkuya zan kai goshi ƙasa, sai wani abu ya soke ni daga ƙugu har diddige. Na koma yin salla a zaune, a cikin ɗaki, ƙofa rufe. Isuhu ne ya gane, ya matsa, ya ɗauke ni a moto, babur ɗin nan nasa, aka ɗauki hoton bayan a asibiti. Likitan sa'an Isuhu ne. Ya ɗaga hoton a haske ya daɗe yana kallo.

"Inna, ƙashin bayanki ya danne jijiya. In kika ci gaba da ɗaga mutane da kwana a ƙasa, ƙafar nan za ta tafi. In ta tafi kuma ba ta dawowa."

"To in ban ɗaga su ba, wa zai ɗaga?"

"Wanda zai ɗaga ki," in ji shi.

A hanya na ce wa Isuhu in ya faɗa wa kowa ban yafe ba.

Yanzu maganar mai rubutun nan. Ramatu malamar lakwal ce, ƴar Maradi. Ni da ita a lokacin ba faɗa, ba kuma daɗi. Ina sa mata ido kamar yadda nake sa wa kowa. Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai: kullum in ta taso daga aiki, kafin ta ɗora tukunya, sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ba barci ba ne, don ina jin motsi. Ba salla ba ce, don ba ta ɗauki buta ba. Ran nan na zagaya na leƙa ta tagar baya. Na gan ta a kan tabarma, tafin hannu da gwiwoyi a ƙasa, tana gantsare baya tana kuma turo shi sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci. Can ta ɗaga ƙugu sama, kai a ƙasa. Can ta zauna ta rufe ido tana jan numfashi kamar mai shaƙar turare. Na ga masu bori a ƙuruciyata, na ce ga abin da aka shigo mini da shi gida. Ko sallama ban yi ba na ɗaga labule.

"Wace irin salla ce wagga da ake ba gabas baya?"

Ta zabura ta jawo mayafi ta durƙusa.

"Ba salla ba ce, Inna. Motsa jiki ne, yoga ake ce mishi. Asalinshi na mutanen Indiya ne. Bayan haihuwata ta biyu da ƙuguna ya ƙi, wata mai gyaran gaɓoɓi a Maradi ta koya mini."

"In kin rufe ido, wa kike kira?"

"Ba ni kiran kowa. Numfashina nake saurare."

"Numfashi kuma sai an saurare shi? Ai da kanshi yake zuwa. Ranar da ya ƙi zuwa, ni ake kira."

Ta sa mayafi a baki tana danne dariya. Na saki labulen na fita, raina bai kwanta ba. Amma ido ba ya yi mini ƙarya. Yarinyar da na sani tana dafe ƙugu in ta tashi daga murhu, yanzu tana sunkuyawa ta share tsakar gidan nan kaf ba nishi. Na yi ta kallonta, ƙafata kuma na ƙara mutuwa. Wata rana da gidan ya yi shiru na tsaya a bakin ƙofarta na ce ta nuna mini na kyanwar nan. Na kafa mata sharaɗi: labule a sake, ba za mu fuskanci alƙibla ba don kada ya yi kama da ibada, kuma in zan ja numfashi da salati zan ja. Ta ce duk yadda na so.

Nan na yi abin da ya kusa ƙarasa ni. Ramatu ta ce a hankali ake yi, inda ya fara ciwo nan ake tsayawa. Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin aikin da ake tsayawa inda ya fara ciwo ba. Daka, surfe, jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi, haihuwa, duk inda ciwon ya fara nan aikin ya fara. Na ɗauka ragwancin ƴan lakwal ne. In ta tafi aiki sai in shiga ɗaki in ninka abin da ta nuna mini. Ta ce in zauna in miƙa hannu zuwa gwiwa kawai. Ni kuwa na ga ita yatsun ƙafa take kamawa, na ce yarinyar da na girme wa uwarta ba za ta fi ni ba. Na ciji leɓe na finciko kaina gaba. Sai na ji wani abu ya ce ƙas. Nan ta dawo ta same ni a kwance gefe guda, tun hantsi, ko bayan gida na kasa kai kaina. Abin da na sha wanke wa mutane, ranar ita ta wanke mini. Ni kuma ina ta faɗa da bayan nan a fili, ina cewa tashi ragon banza, tashi matacce, ka kunyata ni gaban surukata.

"Inna, in yi tambaya?"

"Yi."

"Duk jinyar da kika yi a duniya, kin taɓa ce wa majinyaci ragon banza?"

"Allah shi kiyaye. Mai ciwo ake zagi?"

"To ni tun da na shigo nake jin ana zagin wata tsohuwa mai ciwo. Da a asibiti ne kika ji wani na yi wa uwarshi haka, da kin tashi kin mare shi."

Na ce ta yi mini shiru. Ta yi, har ta gama canza mini zane. Sannan ta ce, kanta a ƙasa, matar da ta koya mata ta ce tushen abin ba lanƙwasa jiki ba ne. Wai farkon abin da ake koya wa mai yoga shi ne kada ya cuci mai rai, kuma cikin masu rai wanda ya fi kusa da hannun mutum shi ne kansa. Wai wanda ya saba gallaza wa kansa, ko alheri zai yi wa mutane da ɗan haushi a ciki yake yi. Wannan ta ƙarshen har yau ban yarda da ita duka ba, na faɗa mata, ga shi tana rubutawa. Amma ta farkon ta zauna mini. Na sha jin malamai na cewa jiki amana ne, ni kuwa duk zatona da masu shaye-shaye suke.

Kwanciyar da ta biyo baya ita ce azabar da ta fi ciwon. Ina jin sallamar baƙi ba ni tashi. Ina jin ƙaurin tuwo ba ni da ikon zuwa in sauke. An kwantar da wata ƴar uwa daga Bader Goula, aka zo nema na, Isuhu ya ce zazzaɓi nake, na yi ta juyi a gado kamar an zuba mini tururuwa. Da na fara tashi sai na bi maganar Ramatu yadda ta faɗe ta. In kwanta rigingine in jawo gwiwa ɗaya, in ja numfashi, in sake shi a hankali, inda bayan ya ce ya isa in tsaya. Miƙewar ba wuya. Tsayawar ce wuya. Sai na yi dabara, na ɗauki bayan nan kamar wani majinyaci da aka kawo mini daga ƙauye, tsoho mai taurin kai wanda ya yi wa mutane aiki har ya ƙare. Da safe in tambaye shi yaya aka kwana. In ya ƙi, in ƙyale shi sai gobe, yadda nake ƙyale mai ciwo in ya ture kunu. A hankali yatsun ƙafar suka fara ƙaiƙayi. Wata asuba, ana gab da shiga watan Layya, na gwada, goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba. Likita ya ce ana samun sauƙi, amma maganarsa ta farko na nan daram.

Cikin wannan hali aka kawo Baba Idi. Ruwan farko ya sauka, mutane na shuka, Layya kuma ta ƙarato. Fitsari ne ya toshe masa, mara ta kumbura, aka ce sai Maradi, sai an yi masa aiki. Ku da kuke ƙanana lokacin da mahaifinku ya rasu, ku san wane ne wannan mutum. Da wasu suka so a raba gidan nan, shi ya buga sanda a ƙasa ya ce ba mai taɓa ɗakin marayu yana da rai. Kowace kaka amalanke zai tsaya ƙofar gida da dammunan hatsi, ba saƙo, ba gori. Tuwon da ya raine ku rabinsa daga gonarsa ya fito. Duk wanda ya ce na manta da wannan ƙarya yake.

Bayan la'asar muna zaune yadda na lissafa muku. Hamisu na ta kai da kawo da waya a kunne yana neman mota. Ba wanda ya tambaye ni komai. Na duba sai ga Mariyama ta fito daga ɗakina da jakar da nake zuwa jinya da ita, ta naɗe tabarmata, ta ɗora buta a kai. Hamisu ya kashe waya ya zo ya tsugunna.

"An samu mota, Inna, gobe da sassafe. Na kama miki gaba kusa da direba, saboda bayan naki."

Saboda bayan naki. Ashe sun sani. Abin da nake ta ɓoyo a bayan ƙofa, ina salla a zaune kamar ɓarauniya, kowa ya sani daga nan har Korahane, kuma iyakar abin da sanin ya canza shi ne kujera. Ban ga laifinsu ba. Ni na koya musu cewa Abu ba ta ciwo. Na dubi tsohon, yana kallona. Na dubi ƙafata. Bakina ya riga ya buɗe zai ce to, don ya saba. Sai na rufe shi, na ja numfashi, na sake shi har ƙarshe.

"Ba ni zuwa."

Mafici ya tsaya a hannun Hajo.

"Mi kika ce, Inna?" in ji Mariyama.

"Kin ji. Ba ni zuwa Maradi. Hamisu, kai za ka tahi. Ubanka ne."

"Inna, Layya ce fa a gaba! Raguna na ɗaure, in ban fitar da su cikin satin nan ba shekarata ta tahi."

"Ni kuma an fara shuka," in ji Mariyama, "ga goyo, ga mai gidan bai ba ni kwana ba."

"Duk gaskiya kuka faɗa. Ni ma ga tawa. Likita ya ce in na ƙara kwana bisa siminti ina ɗaga mutum, ƙafar nan ta tahi ke nan. Kai ciniki za ka rasa, ni ƙafa."

Hajo ta juyo fuskarta wajen muryata.

"Ashe akwai ranar da za a kawo mai ciwo gidan ga a ce a'a. Allah shi jiƙan mai gidan nan."

"Hatsin dai ba a taɓa ce mishi a'a ba," in ji Mariyama. Sai ta juya kan Ramatu. "Tun da aka fara birgima a tabarma irin ta Nasara ai mun san za a yi haka. Malama, sannu da aiki."

Isuhu ya miƙe, na ɗaga masa hannu ya zauna. Ramatu ta sunkuyar da kai. Na ce wa Mariyama ta bar yarinyar mutane, bakina ne ya faɗa, da ni za ta yi. Sannan na faɗi abin da zan yi. Isuhu ɗan dillali ne, shi zai kai ragunan kasuwa, ko igiya ba za ta ɓata ba. Hajo za ta zauna nan ɗakina, ni zan riƙe ta. Ramatu za ta kira gidansu a Maradi, kwano zai riƙa zuwa asibiti safe da yamma. Na ce duk abin da ake yi a zaune ko a tsaye zan yi wa Yaya har inda ƙarfina ya kai, amma abin da ake yi a sunkuye na gama shi. Can sai muryar tsohon ta fito, ƴar siririya.

"Abu."

Na matsa kusa da shi. "Na'am, Yaya."

"Ke kika rufe wa ƙanena ido. Na sa rai ke za ki rufe nawa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar in ce a kawo jakar. Na dafa ƙasa, na ji sanyinta a tafin hannuna, na ce masa, "Yaya, ɗanka na da hannu. Zan nuna mishi." Ya dube ni, sannan ya juya fuska wajen zana. Wannan ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da shi a duniya.

Tuwon ranar haka aka kwashe shi kusan yadda aka kawo. Daga magariba zuwa isha'i ban san iyakar zuwan da na yi wajen jakar nan na dawo ba. In zauna, in tashi, in gyara abin da ba ya bukatar gyara. Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce: da wata tsohuwa ce ta zo mini da irin ƙafar nan ta ce in ba ta shawara, ta tafi ko ta zauna, me zan ce mata? Na san amsar tun kafin in gama tambayar. Zan ce mata zauna, kuma zan tsaya a bakin ƙofarta in kori duk mai son ya tashe ta.

Abin da ya biyo baya ba zan yi muku kwalliya da shi ba. An yi aikin, jikin ne ya tsufa, ya yi kwanaki ya cika. Mariyama har yau ta bakin wasu take gaishe ni. Hajo ta zauna ɗakina har ta gama takaba, muna ci kwano ɗaya, amma ba ta sake kirana da sunana ba. Hamisu sau ɗaya ya taɓa tayar da maganar, ya ce tsohon ya riƙe hannunsa a ƙarshe bai saki ba, daga nan ya tashi ya fita. Ni kuma akwai ranakun da nake zaune sai in ji ina tambayar kaina ko an riƙa juya shi a kan lokaci, ko an lura da lokacin da numfashinsa ya canza. Wannan ba zai bar ni ba, na sani. Amma ƙafata tana ƙarƙashina, goshina na taɓa ƙasa, kuma har yau ba a kawo mai ciwo gidan nan ya kwana da yunwa ba. Ba wanda ke ɗaga ni. Ku auna da kanku.

Ranar tafiyar kuwa, da gari ya waye na yi salla, na kwanta na jawo gwiwoyina na saurari bayan, sannan na dama kunu mai ruwa-ruwa na zuba a kwano mai murfi. Na ɗauki sanda na bi su tasha a ƙafa. An sauke katifar a gefen mota, Hamisu na tsaye a kan ubansa bai san ta inda zai kama ba. Na ce masa durƙusa, kada ka sunkuya. Hannu ɗaya ƙarƙashin wuya, ɗaya ƙarƙashin cinya. Gaya masa kafin ka ɗaga. Kada ka yi masa magana kamar yaro, kada kuma ka yi maganarsa da wasu a kansa kamar ba ya nan. In ya ture kunu ka ƙyale shi, ka dawo an jima. Gumi na zuba masa, ya ɗaga, Isuhu ya kama ƙafafu, suka shigar da shi. Tsohon idonsa a rufe, ban sani ba ko barci ne. Na miƙa hannu ta taga na gyara masa hula.

Kujerar gaba tana nan ba kowa. Ba su ba da ita ba. Direba ya buɗe ƙofar ya riƙe.

"Hajiya, bismilla, rana na yi."

Kowa ya zuba mini ido, har Mariyama. Na kai hannu na kama ƙofar. Ƙarfen na da sanyi. Na tura ta ta rufe.

"A ba wani," na ce. "Hamisu, zauna wajen kan ubanka."

Motar ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana ta hau hanyar Maradi, sannan na juya. Hanyata ta bi ta ƙofar asibiti, mata na ta shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi. Wata da ta san ni ta ɗago.

"Inna Abu, wa aka kwantar?"

"Ba kowa."

Na wuce. Kafin in kai kwanar gidanmu ƙafar ta ce ya isa. Da can sai in ja ta ko tana so ko ba ta so. Ranar na tsaya. Akwai mai waina a bakin hanya da ɗan bencinta, ni da ban taɓa zama a titi ba na zauna, na jingine sanda, na ce ta zuba mini. Ta kwaso daga tanda tana tururi ta sa mini a gaba. Mutane na wucewa suna kallona. Ina ci hawaye na sauka cikin kwanon, ban share ba. Na cinye, na miƙa mata na ce ta ƙara.